Sayen kifin salmon daga hannun masunta a bakin Kogin Kolumbiya: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya tashi daga birnin Portland na jihar Oregon ya bi babbar hanya mai lamba 84 zuwa gabas a ƙarshen watan Agusta, zai riƙa cin karo da alluna a gefen titi, an rubuta da hannu cewa akwai ɗanyen kifi na sayarwa. Masu allunan 'yan ƙabilun asali ne na Amurka, kifin kuwa salmon ne da suka kamo a kogin da ke gudana a gefen hanyar. Ga tambayoyin da baƙo ya saba yi kafin ya tsaya ya saya.

Su wane ne ke sayar da kifin?

Ƙabilu huɗu ne: Yakama, Umatilla, Warm Springs da Nez Perce. Yakama suna jihar Washington, Umatilla da Warm Springs suna Oregon, Nez Perce kuma suna Idaho. Kowace tana da gwamnatinta da dokokinta na su. A shekarar 1977 suka haɗu suka kafa hukuma ɗaya mai kula da kifin kogin, wadda aka fi sani da CRITFC, mai hedikwata a Portland. Tana da masana kimiyya da lauyoyi, har da jami'an tsaronta masu sintiri a kan ruwa. Yawancin waɗanda za ka tarar a bakin hanya iyali ne guda: uba da 'ya'ya suna kan ruwa, uwa ko yaya tana wajen sikeli.

Doka ta yarda da wannan cinikin kuwa? Kada mutum ya sayo wa kansa rigima.

Ta yarda, muddin lokacin sayarwa a buɗe yake. Kuma yana da kyau mai saye ya san daga ina wannan hurumin ya fito, domin da yawa suna ɗauka wata alfarma ce gwamnati ta yi wa talakawa.

A 1855 ƙabilun suka sa hannu a yarjejeniyoyi da gwamnatin Amurka, wadda Isaac Stevens da Joel Palmer suka wakilta. Suka sallama ƙasa mai faɗin gaske, amma suka ce akwai abin da ba za su saki ba: kamun kifi a duk wuraren da suka saba yin su tun kaka da kakanni, ko da wurin yana wajen yankin da aka keɓe musu. A 1905 maganar ta je Kotun Ƙoli a shari'ar Winans, bayan wasu masu fili sun tare wa 'yan Yakama hanyar zuwa bakin ruwa. Kotun ta ce yarjejeniyar ba kyauta ce aka ba ƙabilun ba. Su ne suka bayar, abin da ba su bayar ba kuwa yana nan nasu.

Duk da haka jihohi ba su daina kama masuntan ba, suna ƙwace musu komarsu da kwale-kwale. Sai a 1969 alƙali Robert Belloni ya yanke hukunci a ƙarar da David Sohappy, ɗan ƙabilar Yakama, da 'yan uwansa suka shigar, cewa ƙabilun suna da rabo na adalci a kifin Kolumbiya. A 1974 alƙali George Boldt, a wata shari'ar a jihar Washington, ya fayyace rabon: rabin abin da ya halatta a kama. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1979. Billy Frank Jr. na ƙabilar Nisqually, wanda aka kama fiye da sau 50 a kan wannan gwagwarmaya, ya rasu a 2014, shekara ɗaya bayan nan aka ba shi lambar yabo mafi girma da shugaban Amurka ke ba farar hula. Kifin da ke cikin akwatin ƙanƙara a bakin hanyar nan, sai da aka sha ɗauri da zaman kotu kafin ya iso wurin.

A ina ake samunsu?

A tsakanin madatsar ruwa ta Bonneville da ta McNary, tafiyar kilomita 230 da ɗoriya, yankin da hukumomi ke kira shiyya ta 6. A nan ƙabilun ne kaɗai ke kamun kifi na kasuwa. Wuri mafi sauƙi ga wanda ya fito daga Portland shi ne garin Cascade Locks, ƙasa da awa ɗaya a mota, inda masu sayarwa ke jeruwa a ƙarƙashin gadar da ake kira Bridge of the Gods. A garin akwai kantin kifi na dindindin, Brigham Fish Market, na wani iyali 'yan ƙabilar Umatilla. Gaba kuma akan samu masu sayarwa a wajajen The Dalles da Celilo da Boardman. A tsallaken kogin, hanya mai lamba 14 ta jihar Washington ma tana da nata.

Ba rumfuna ne na kasuwa ba. Sau da yawa bayan motar a-kori-kura ce, da laima, da sikeli, da manyan akwatunan ƙanƙara.

Wane lokaci ne na shekara?

Kifin ne ke yanke wannan. Salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya juyo ya hau kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai ya mutu. Lokacin hawan nan ake kama shi, kuma kowane iri da nasa watan.

Na farkon shekara yana shigowa a Afrilu da Mayu. Shi ya fi kowanne mai, amma da wuya ka same shi da yawa a kasuwa, domin ƙabilun sukan fara cire na bukukuwan addininsu da na abincin gida, ciki har da bikin kifin farko da ake yi a ƙauyen Celilo. Daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli akwai ciniki. Babbar kaka kuwa ita ce daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, wani lokaci ta taɓa Oktoba. Mai son cika firiza, wannan ne lokacinsa.

Ko a cikin kakar ma ba kullum ake zuba koma ba. Akan buɗe na 'yan kwanaki a mako, a rufe, a duba ƙidayar kifin da ya haura madatsar Bonneville, sannan a sake buɗewa. Ana wallafa ƙidayar a intanet kowace rana, hukumar ƙabilun ma tana sanar da ranakun da aka buɗe. A duba kafin a ƙona mai. Kuma a yi sammako, don kafin la'asar masu kyau sun tafi.

Salmon ɗin iri ɗaya ne?

A'a, kuma a nan ne baƙo ya fi yin asara.

Chinook shi ne babba, wasu na ce masa sarkin salmon. Wanda aka saba gani yakan kai kilo 5 zuwa 10, akwai waɗanda suka ɗara haka. Naman yana da mai sosai, ya dace da gashi da banda. Amma chinook na kaka kashi biyu ne. Akwai wanda ake ce wa bright, mai sheƙi kamar azurfa, wanda tafiyarsa ke da nisa, yawanci zuwa wajen Hanford Reach, wani yanki na kogin can sama a jihar Washington, don haka ya shigo da kitsensa cikakke. Akwai kuma tule, wanda gidansa ke can ƙasan kogin, ba nisa da teku. Shi yakan iso ne ƙwai ya riga ya nuna a cikinsa, fatarsa ta yi duhu, namansa ya koɗe. Dalilin kuwa shi ne salmon ba ya cin abinci da zarar ya shigo ruwan daɗi, kitsen jikinsa yake ƙonawa har ya mutu. Tule ya fi araha ƙwarai kuma ba laifi idan banda za a yi ko miya. Wanda ya saye shi don gashi kuwa zai ce an cuce shi, alhali bai tambaya ba ne. Ka tambaya kai tsaye: wannan bright ne ko tule? Za a faɗa maka.

Sockeye ƙarami ne a wannan kogin, da wuya ya wuce kilo 2, namansa ja wur, yana zuwa a ƙarshen Yuni da farkon Yuli. A ganina shi ya fi dacewa da mai ƙaramin gida da ke son gwadawa karon farko. Coho yana zuwa a Satumba da Oktoba, matsakaici ne, mainsa bai kai na chinook ba. Akwai steelhead, ɗan uwansu na kusa. A watan Yuni kuma za ka ga shad tuli, kifin da aka kawo daga gabashin Amurka a shekarun 1870 ya hayayyafa. Yana da arha, sai dai ƙaya.

Me zan tafi da shi?

Kula babba, ƙanƙara mai yawa, manyan ledoji, da tsabar kuɗi. Wasu masu sayarwa suna karɓar kati ko biya ta waya, amma kada ka dogara da haka. A auna tsawon kular tun a gida: chinook mai kilo 10 ba ya shiga kular da ake zuba lemo. Yankin The Dalles yana da zafi sosai a Agusta, kifin da aka jefa a but ba ƙanƙara kafin a iso Portland ya fara sauya wari.

Yaya zan gane sabon kamu ne?

Wanda ya taɓa sayen kifi a bakin ruwa a Yawuri ba ya bukatar darasi a nan, alamomin ɗaya ne. Ido ya zama garau, bai lotsa ba. Ka ɗaga murfin da ke gefen kai, inda kifi ke shaƙar iska, ka ga wurin ja ne mai haske, ba ruwan ƙasa ba. Ka danna naman da yatsa, ya dawo. Warinsa na ruwa ne, ba ƙarni mai hawa kai ba. Abu mafi muhimmanci, ka ga a cikin ƙanƙara yake kwance, ba a samanta aka ɗora shi don ado ba. Tambayar "yaushe aka kamo shi?" ba rashin kunya ba ce, masunci na gari yana jin daɗinta.

Idan ka ga zane a fatar wajen wuya, sawun koma ne, ba ya taɓa nama.

Nawa ake sayarwa, kuma ana tayi?

Da awo ake sayarwa, a kan fam ɗin Amurka, wanda ya yi giram 454, wato bai kai rabin kilo ba. Kuɗin yana sauyawa da irin kifin da yawansa a makon, kuma kowane iyali ne ke sa nasa. Galibi ya fi kanti sauƙi. Sai dai a yi lissafi da hankali, domin kifin gaba ɗayansa ake aunawa. Idan aka cire kai da ƙashi da kayan ciki, tsokar da za ta rage ta ɗan haura rabi ne kawai. Mai dafa kan kifi da ƙashinsa a farfesu shi ya ci riba, kuma kan chinook akwai nama.

Tayi kuwa, mai sayen kifi biyar ko goma yana iya neman ragi, musamman da yamma. Amma irin cinikin da mutum zai taya rabin kuɗi, ya yi kamar zai tafi don a kira shi, ba ya aiki a nan. Ba wanda zai kira ka.

Me ya sa ake cewa a karɓi rasidi?

Shi ne shaidarka idan jami'in kula da kifi da namun daji ya tsayar da kai da salmon a mota. Ya nuna ranar, irin kifin, yawansa da wanda ya sayar. Ya fi zama dole idan steelhead ne, domin ba a yarda wanda ba ɗan ƙabilun ba ya kama shi don kasuwa. Kifin na ci ne a gida. Mai gidan abinci ko mai son sari ya sayar, akwai lasisin jiha da ya kamata ya mallaka.

Za su gyara mini shi?

Ya danganta. Wasu sun riga sun fasa cikin sun wanke, wasu a cike suke bayarwa. Fere tsoka daga ƙashi kuwa ba kowa ke yi ba, kanti irin na Cascade Locks ne ya fi yin haka. Idan macen kifi ce kuma kana son ƙwan, ka faɗa tun kafin a sa wuƙa.

Da me suke kamun?

Hanya biyu. Akwai koma da ake kafawa a ruwa, a je da kwale-kwale mai inji a duba ta. Akwai kuma tsohuwar hanya: dandamalin katako da ake kafawa a kan duwatsu ya leƙa saman ruwa, masunci ya tsaya a kai da raga mai zagayen ƙarfe a bakin doguwar gora, ko ya saukar da ragar da igiya ya jira. Ana ganin waɗannan dandamali daga hanya a Cascade Locks da kusa da The Dalles. Kowanne na wani gida ne, gadonsa ake yi. Ba wurin hawa a ɗauki hoto ba ne, kuma sansanonin masuntan da ke bakin kogin ba wurin shaƙatawar jama'a ba ne. Ko hoton mutum a wajen sikeli, a nemi izini tukuna.

Ba ana cewa salmon na ƙarewa a kogin ba? Sayen ba ƙara ɓarna ba ne?

Ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hawa kogin a shekara. Abin da ke zuwa yanzu ɗan kaɗan ne daga wannan, kuma mafi yawansa a gidajen ƙyanƙyasa aka haife shi. Amma a duba abin da ya jawo haka. Kamfanonin kifin gwangwani sun kwashi na kwasa tun daga shekarun 1860. Aka zo aka gina madatsun ruwa: Bonneville a ƙarshen shekarun 1930, sai Grand Coulee da aka kammala a farkon shekarun 1940 ba tare da matakalar da kifi zai bi ya haura ba, ta rufe masa duk saman kogin har cikin Kanada. Manyan chinook na watan Yuni, masu haura kilo 30, da ita suka tafi. Ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye Celilo, gangaren ruwan da mutane suka yi fiye da shekara 10,000 suna su da kasuwanci a bakinsa. Diyyar da aka biya ƙabilun dala miliyan 26 ce da ɗoriya.

Kamun da ake yi yau a ƙididdige yake. Ƙabilun da jihohi da gwamnatin tarayya suna zama su tsara nawa za a kama daga kowane ayari, a ƙarƙashin sa idon kotu, kuma dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa iyaka mai tsauri. Sannan ƙabilun suna cikin masu aikin dawo da kifin. 'Yan Umatilla sun mayar da salmon kogin Umatilla bayan ya yi kusan shekara 70 babu shi. 'Yan Nez Perce sun dawo da coho kogin Clearwater bayan an riga an ce ya ƙare a can. Mai son ya damu da makomar salmon, ya damu da madatsu da ɗumamar ruwa, kamar yadda aka gani a 2015 lokacin da zafin ruwa ya kashe sockeye da yawa a hanya. Iyalin da ke sayar da kifi goma a bayan mota ba su ne matsalar ba.

Na ga wani kifin an yanke masa ƙaramin fiffiken da ke kusa da wutsiya. Lafiya?

Lafiya lau. Alama ce da gidan ƙyanƙyasa ke yi tun kifin yana ƙarami. Ya yi rayuwarsa a teku kamar sauran.

Mene ne bambancinsa da salmon na kanti?

Mafi yawan wanda ake gani a manyan kantuna na kiwo ne, irin na Tekun Atlantika, daga kejin ruwa a Norway ko Chile ko Scotland. Ana samunsa duk shekara, girmansa kusan ɗaya, namansa da taushi da layukan kitse farare. Na kogi ya fi tauri da ɗanɗano, kuma yana saurin bushewa idan aka bar shi a wuta. Shigowar na kiwo da yawa a shekarun 1990 ne ya karya farashin da dillalai ke ba masunta, abin da ya ƙara tura iyalai da dama su fito bakin hanya su sayar da kansu.

Jiragen teku fa? Su ma suna sayarwa kai tsaye?

Suna yi, amma wannan wani tsarin ne daban, na lasisin jiha. A tashoshin gaɓar Fasifik irin su Newport a Oregon, Westport a Washington, Pillar Point a Kalifoniya da Steveston kusa da Vancouver a Kanada, akwai masu jirgi da ke sayarwa daga kan jirgin. Na gaɓar Oregon da Kalifoniya da ƙugiya suke kamawa, ɗaya bayan ɗaya, a zubar da jinin a sa a ƙanƙara nan take. Kifin yana cikin ƙarfinsa tunda bai fara hawan kogi ba, kuɗinsa ma ya fi yawa. Kakar tasu ba ta da tabbas: a Kalifoniya an rufe kamun salmon na kasuwa gaba ɗaya a 2023 da 2024 da 2025 saboda ƙarancin kifi.

Halal ne?

Kifi ne, ba ya bukatar yanka. Abin lura kawai shi ne wanda aka riga aka yi wa banda ko aka jiƙa a kayan haɗi, tunda wasu na sa giya a ruwan jiƙon. A tambaya.

Na kawo shi gida. Sai me?

Ka yanka shi a ranar. Wanda za a ci cikin kwana biyu ya zauna a firij a kan ƙanƙara. Sauran a raba shi daidai cin rana ɗaya, a naɗe yadda iska ba za ta shiga ba, a sa a firiza. Saboda mainsa, bayan wata uku ɗanɗanon yakan fara sauka, sai dai in da injin zuƙe iska aka rufe ledar.

A dafa shi har tsakiyarsa ta kai maki 63 a ma'aunin Salshiyos. Gishiri da ɗan yaji da lemon tsami sun isa, kuma ba ya son daɗewa a wuta. A miya, sai an kusa saukewa ake sa shi, in ba haka ba ya dagargaje. Kada a ci shi ɗanye kai tsaye daga kogi, domin kifin daji yana iya ɗauke da tsutsa. Ƙa'idar hukumar abinci ta Amurka ita ce a daskarar da shi kwana 7 a sanyin maki 20 ƙasa da sifiri, firizar gida da yawa kuwa ba ta kai nan.

Wanda ke da kare a gida ko a maƙwabta ya kula da inda ya zubar da kayan ciki da kai. Ɗanyen salmon na wannan yankin yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta kama mutum, amma tana kashe kare cikin mako biyu idan ba a kai shi wajen likitan dabbobi ba. A ɗaure su a leda a sa a bola mai murfi.